Akwatin Gobara a Ɗakin Asta

Bangon da ya raba ɗakina da na Asta katako ne, irin na gidajen New Bell, wanda in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka yi masa addu'a. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Da kunnena na ji, wani kuma ta tsagin katako na gani.

Shekarar bil mort ce, lokacin da ake rufe Douala daga Litinin zuwa Juma'a. Ba kasuwa, ba taksi, tayoyi na ci da wuta a kowace mararraba. In gobara ta tashi, motar pampiye, wato 'yan kwana-kwana, sai ta yi ta jiniya daga nesa, shinge ya hana ta ƙarasowa, har wutar ta ci ta ƙoshi don kanta. Da wani layi ya ƙone ƙurmus a bayan hanyar jirgin ƙasa, dattawan unguwa suka kafa kwamitin kashe gobara: durom-durom na ruwa a kan amalanke, bokitai, gatura, da samari. Wani Alhaji mai shanu ya sayo musu oba-oba, rediyon magana da juna, a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, ƙanana uku na riƙewa a hannu, da uwarsu, wani baƙin akwati mai nauyin buhun gishiri.

Bashiru, mijin Asta, shi aka naɗa shugaba. Tun da kamfaninsu na Bonanjo ya sallame shi, abin da ya rage masa takalmi mai ƙyalli ne da Faransanci, kuma duka biyun sun yi masa aiki a wurin taron. Kafin a tashi ya riga ya raɗa wa kansa Kumandan.

Ga yadda aka tsara. Ƙaramar oba-oba ɗaya tana hannun Tanko mai shayi a ƙofar masallaci, inda amalanken ruwa da samari suke. Ɗaya tana hannun Ɓoɓɓo, mai gadin rumfunan katako can bakin hanyar jirgi, inda wuta ta fi son tashi. Ta ukun tana ƙugun Kumandan. Matsalar ita ce Tanko da Ɓoɓɓo ba sa jin juna, sun yi nisa. Uwar akwatin ce kaɗai ke jin kowa, saboda an ɗaure eriyarta a doguwar gora a saman bishiyar mangwaron gidanmu. Tasha ta ɗaya ta kwamiti ce. Tasha ta biyu, wani mai gyaran rediyo ya murɗa ta har ta kai ga pampiye. Dole a sami mai zama gaban akwatin kullum, ya ji daga nan ya faɗa can.

Ran da aka kawo shi, Asta na tsugune tana wanke waken ƙosai.

"Maman Nuriyya, janye wannan kwabar taki. Nan za a ajiye santiral."

"Santiral kuma? Baban Nuriyya, a ɗakina?"

"To a ɗakina za a sa? Ni ina fagen aiki. Ke kuma ai kina gida, zaune kawai kike."

Asta ba zaune take ba. Ƙosanta na bakin mararraba shi ke ciyar da gidan tun da aka sallame shi, don ko ranar bil mort mutane na karya kumallo. Ta faɗa masa haka. Ya ce ta aika wa masu saye su zo gida. Sannan ya kafa doka.

"Amma ki ji da kyau. Ba za ki yi magana a ciki ba."

"To yaya zan faɗa wa Tanko an yi gobara?"

"Muryar matata a kunnen gardawa? Kin san har matuƙan jirgin ruwa na kama tashar nan? Jamais! Har abada! In kin ji kira, ki danna wannan madannin sau uku. Tawa za ta yi ƙyat-ƙyat-ƙyat. Sai in zo gida, ki faɗa min, ni in faɗa wa Tanko."

Ni dai daga bayan katako na ce, "Kumandan, wutar za ta jira ka ƙaraso?"

Ya ce, "Yaya Larai, wannan harkar teknik ce."

Da farko Asta dariya abin ke ba ta. Akwatin ba ya rufe baki. Yana shuuu kamar ana suya, can sai wasu Turawan jirgi su shigo da wani yare mai kama da tari, can sai masunta su yi ta zagin juna da Pijin. Su kansu 'yan kwamiti, gobara ce kaɗai ba sa faɗa. Ɓoɓɓo ya tambayi ko an ga akuyarsa. Tanko ya sanar da cewa madara ta ƙare a garin. Kumandan kuwa, daga inuwar da suke dara, sai ya gyara murya ya ce, "Santiral, santiral, a ɗora ruwan wanka. Terminé." Asta na kwaikwayon kowa, mu matan gida mu yi ta birgima.

Wata ranar Laraba, bayan an daɗe ba lantarki, Tanko ya kwarma ihu a ciki: "Wuta! Jama'a, wuta!" Asta ta danna madanni har yatsa ya yi zafi. Kumandan ya shigo a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ya tara samari da bokitai, suka nufi masallaci. Suka tarar da Tanko tsaye yana murna a gaban firijinsa. Wutar lantarki aka dawo da ita. Unguwa ta yi mako tana dariya. Kumandan bai yi ba.

"Kin kunyata ni a gaban yarana."

"Wuta ya ce, Baban Nuriyya."

"Mai hankali na gane wutar murna da wutar kuka."

Daga ranar ya hana ta matsawa daga gaban akwatin, wai rabin hankalinta na kan kasko shi ya sa ba ta ji daidai. Ƙosai ya tsaya. Masu saye suka koma wurin wata mata a layin baya. Sannan shuuu ɗin ya fara hana shi barcin rana, sai ya samo mata abin sawa a kunne, tsoho, ɓarin dama ya mutu, na hagu kaɗai ke aiki. Duk ƙarar da da take cika ɗaki, yanzu cikin kunne guda take zuba.

In za ta kewaya, sai ta ƙwanƙwasa katako in zo in riƙe mata. Ran da ya same ni da abin a kaina, ya ce sirrin aiki ne, ba a ba wa kowa. Asta ta ce to ya faɗa mata yadda za ta yi da cikinta. Ya fita. Washegari ya dawo da fara'a, da wani abu a nannaɗe a takarda.

"Kin ce ba na tuna ki. Ga tsaraba."

Waya ce, doguwa. Ya ƙara ta a jikin abin kunnen, ta kai madafa, ta kai bakin rijiya, ta kai ƙofar banɗaki in an miƙa wuya. Ƙofar gida ce kawai ba ta kai ba. Ya tsaya yana kallon aikinsa, hannu a ƙugu.

"Voilà. Yanzu kin sami 'yanci."

Haka muka riƙa ganin Asta a tsakar gida, Nuriyya a goye, waya na binta a baya kamar akuya a turke. Mu kuma muka koyi tsallake ta. Aka yi sunan ɗan ƙanwarta, ba ta je ba. Aka yi rasuwa a gidan da ke kallon namu, daga bakin rijiya ta yi gaisuwa da ƙarfi. Ko salla da abin a kunne take yi, ta ce min wani lokaci tana tahiya masunta na rantse-rantse a kanta. Da Asabar, ranar da ake buɗe gari kowa ya ruga kasuwa, ita tana gida, saboda a cewar Kumandan ranar ce aka fi hura wuta.

Damina ta yi nisa kunnen ya fara ciwo. Da farko ƙaiƙayi, sai ƙugi, sai ruwa. Na ɗiga mata man zaitun, bai yi ba. In ka yi mata magana ta hagu sai ta juyo gaba ɗaya tana "Na'am?" Dariyar kwaikwayo ta ƙare. Ta rame, idanunta suka faɗa, don akwatin bai san dare ba, bai san rana ba.

"Baban Nuriyya, ina so in je asibiti a duba min kunnen nan."

"Asibiti a wannan kiriz ɗin, ƙasa a rikice? Likitocin ma ba a biya su ba. Juya abin ki sa a na dama. Ai biyu Allah ya ba ki."

"In na daman ma ya mutu fa?"

"Ke kullum sai mugun fata. Mutane na ba da ransu, ke kunne kawai aka ce ki bayar."

Ban san wanda ya ba da ransa ba. Kumandan dai ƙiba ya yi, don ko ina ya ratsa ana miƙo masa shayi da soya. Ya ɗinka riga mai aljihu huɗu. In baƙi suka zo ganin tsarin unguwarmu, sai ya sa Asta ta shige bayan labule da wayarta, ya zauna gaban akwatin yana murɗe-murɗe yana bayani. Sau ɗaya Tanko ya ce masa a gaban mutane, "Kumandan, ka bar Madam ta riƙa faɗa min kai tsaye mana, a huta da gudun nan." Ya amsa cewa shi ya san darajar iyalinsa, ba zai baje ta a iska ba.

Ana cikin haka Ilu, ƙanen Asta, ya zo daga unguwar Ndogpassi, can bakin gari, a kan babur ɗinsa. Yana cikin samarin da suka fara ɗaukar mutane a babur da taksi ta ɓace, abin da ake kira bansikin. Ya ce Inno, mahaifiyarsu, ba ta jin daɗi, jiri na kayar da ita, tana tambayar Asta.

Kumandan ya karɓe shi hannu biyu, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce, "Ka gaida Inno. Ka ce mata 'yarta na aikin lada. Da zarar an sami wanda zai riƙe santiral, ni da kaina zan kawo ta."

"Yaya, ai kai ma za ka iya riƙewa na yini ɗaya," in ji Ilu.

"Ka taɓa ganin janar a gadin ƙofa?"

Asta ta bi Ilu har inda wayar ta ƙare, ta ba shi ƙullin kanwa da citta ya kai wa Inno. Bayan ya tafi ta shiga madafa ta daɗe, ba kuwa abin da ke kan wuta.

Duk Asabar sai ta tambaya. Wata Asabar batir ne ba shi da ƙarfi, sai an sa ido. Wata Asabar an ce za a yi zanga-zanga. Wata kuma ya ce ya yi mafarkin hayaƙi.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, da rana tsaka, iska na kaɗawa daga bakin ruwa. Tun safe Kumandan ya goge takalmi ya taka zuwa Bonanjo, wani ofis zai ba kwamiti takardar yabo. Bayan azahar Ilu ya faɗo gidan ko sallama bai gama ba.

"Adda, taso. Inno ta faɗi da safe. Sunanki kawai take kira."

Asta ta miƙe. Ta miƙo min Nuriyya, ta jawo mayafi, ta kai hannu za ta cire abin kunnen. Sai na ga hannun ya tsaya. Ta fizge wayar daga jikin akwatin don mu ma mu ji. Muryar Ɓoɓɓo ce, Hausarsa ta gudu ta bar shi da rabin Fulatanci.

"Gobara! Rumfar katako ta kama! Iska na kai ta gidaje! Santiral! Wallahi ba ta lantarki ba ce!"

Ta danna madanni sau uku. Shiru. Ta sake. Shiru. Bonanjo ta yi wa ƙaramar oba-oba nisa, ko kuma ya kashe ta don kada ta yi masa ƙyat-ƙyat a gaban manya. Ilu na tsaye yana karkaɗa makullin babur. Ɓoɓɓo na ihu akwai tsofaffi a layin, akwai mai jego.

Asta ta dube ni. Na ce, "Ni ban ga kowa a nan ba sai mu."

Ta ɗauki abin magana kamar mai ɗaukar garwashi.

"Tanko. Tanko, kana ji na?"

Tanko ya ce, "Wa ke nan? Aljana ce?"

"Maman Nuriyya ce. Gobara a rumfunan katako, bakin hanyar jirgi. Ku fito da amalanke duka."

"Madam! Ashe kina da murya! Ga mu nan!"

Ta murɗa zuwa tasha ta biyu, ta haɗa Faransancin kasuwa da Pijin ta faɗa wa pampiye. Wani ya amsa, ya ce za su gwada, in an bar su sun wuce. Ta dawo ta ɗaya. Daga nan ba ta sami sararin tashi ba. Ɓoɓɓo ya ce hanyar gaba ta toshe da hayaƙi, ta faɗa wa Tanko su bi ta bayan makaranta. Tanko ya ce ruwa ya ƙare, ta tambayi Ɓoɓɓo gidan da ke da rijiya kusa. In ta ajiye abin, su biyun sun zama kurame. Ilu ya ce, "Adda, za a rufe mararrabar Ndokoti, ta nan ce hanyarmu." Ta ce, "Yanzu, Ilu. Yanzu." Ta faɗi haka ya fi a ƙirga.

Sai bayan la'asar wutar ta mutu. Rumfuna huɗu da gida ɗaya suka tafi, ba a rasa rai ba. Motar pampiye ta iso ta jiƙa toka. Ilu ya fita duba hanya ya dawo ya ce an kunna tayoyi a Ndokoti, sojoji sun tare, ko kaza ba ta wucewa sai gobe.

Gab da magariba Kumandan ya dawo, takarda a cikin gilashi a hammata, jama'a na biye da shi suna sa albarka. Tun daga bakin titi ake ce masa tsarinsa ya ceci unguwa, yana ɗaga hannu yana cewa aikinsu ne. Sai Tanko, cikin murna, ya ce, "Kumandan, Madam fa ta fi rediyon gwamnati!"

Ya sallami mutane da murmushi. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya manta bangon katako ne.

"Me na ce miki?"

"Mutane ne za su ƙone."

"Da kin aiko a kira ni."

"A Bonanjo?"

"Yanzu duk mai shayi da mai gadi ya san muryar matata. Har sha'awarta ake a bakin titi. Da wane ido zan kalli mutane? Ranar da aka karrama ni, ranar kika zaɓa ki tsinka ni."

"Inno ta faɗi. Gobe da asuba zan tafi."

"Allah ya ba ta lafiya. Wa zai riƙe santiral?"

Na kai ido tsagin katako. Asta ta naɗe doguwar wayar nan a hannu, a hankali, kamar mai naɗe igiyar guga. Ta ɗora masa a cinya, ta ɗora abin kunnen a kai.

"Ɓarin hagu ne ke aiki," ta ce. "In za ka kewaya, ka ƙwanƙwasa wa Yaya Larai."

Gari na wayewa ta goya Nuriyya ta hau bayan Ilu.

Kumandan ya zauna gaban akwatin. Kafin azahar ya ƙwanƙwasa min katako ba adadi, ni kuma ranar kunnena ya yi nauyi. Kafin magariba ya ce shuuu ɗin na sa masa ciwon kai, kuma bai dace shugaba ya ɓace daga idon jama'a ba. Na ɗauka zai kai akwatin masallaci, inda samari ke zaune ba aikin fari ba na baƙi, su riƙa karɓa-karɓa. Tanko ma ya ce a kawo. Amma in akwatin ya bar gidan, sunan Kumandan zai bi shi. Asabar na zuwa ya aika Nkongsamba aka ɗauko masa gwaggonsa Rakiya, tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ba ta da ɗa, wai ta zo birni ta huta. Ya saya mata sabon zane. Ya nuna mata madanni.

Dattawan kwamiti sun san duk wannan. Sun sha wucewa suna ganin waya na bin mace a tsakar gida. Da na yi wa ɗayansu magana, ya ce harkar cikin gida ce, ba a shiga. Wutar cikin gida kuwa suna shiga, har da gatari. Takardar yabo na rataye a zaure, sunan mutum ɗaya ne a jiki, an rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Asabar ta gaba na bi Ilu zuwa Ndogpassi. Na sami Inno kwance a tabarma, ɓarin jikinta ya mutu, baki ya karkace. Ilu ya ce min mutanen gida sun faɗa masa ranar gobarar, har la'asar tana kiran Asta. Kafin magariba harshen ya tafi. Da Asta ta iso da safe, ido kawai ta samu.

Asta na zaune kusa da kanta tana ba ta kunu da cokali. An duba kunnen a wani ƙaramin asibiti, an ce na hagun ba zai dawo ba. Na ba ta labarin Gwaggo Rakiya, yadda take danna madanni duk lokacin da masunta suka yi faɗa, Kumandan na ta sintiri tsakanin dara da gida har takalmin ya daina ƙyalli. Ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sannan na isar da saƙon da ya ba ni: wai ya yafe mata, ta dawo.

Kafin ta amsa, leɓen Inno ya motsa. Asta ta ajiye cokali, ta juya kai, ta kai kunnen dama dab da bakin tsohuwar. Muka yi tsit. Leɓen ya yi ta rawa, iska kawai ke fita. Ta daɗe a sunkuye a haka.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ban ji ba, Yaya." Ta goge wa Inno baki da gefen zane, ta sake ɗaukar cokali. "Ki ce masa ina sauraron wani kiran."